Keken batir na tsofaffi da masu lalurar ƙafa: a koya wa mutum kafin a miƙa masa makulli

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai albarka mu yi magana a kan wani abin hawa da ya fara yawa a cikin garin Sakkwato, wato keken batir mai taya uku ko huɗu, mai kujera da sitiyari, wanda ake saya wa tsofaffi da masu lalurar ƙafa. Wasu 'ya'yansu ne ke aiko musu da shi daga ƙasashen waje, wasu a gwanjo ake samo musu, wasu kuma a wurin rabon tallafi suke samu. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa, wasunmu masu gyaran irin waɗannan kekuna ne, wasunmu kuma ma'aikatan gashin ƙashi ne, kuma damuwarmu ɗaya ce: ana miƙa wa mutum makulli a watse, ba wanda ya zauna da shi ko na awa guda ya nuna masa yadda abin yake aiki. Keken nan alheri ne babba. Dattijon da ciwon gwiwa ya raba da sahun jam'i yana iya komawa masallaci da kansa, wanda shan inna ta taɓa yana iya zuwa shagonsa ba sai ya tuƙa keken hannu a tsakiyar bazara ba. Amma an ƙera shi ne domin ƙasashe masu sanyi, masu shimfiɗaɗɗiyar hanyar masu tafiya a ƙasa, masu wutar da ba ta ɗaukewa. Mu namu yashi ne da lambatu da zafin da ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu. Wanda ke kan kujerar kuma, idan abu ya ɓaci, ba zai iya dirowa ya gudu ba.

Ba kowane mai lalurar ƙafa ne wannan keke ya dace da shi ba. Dole mutum ya iya zama a miƙe ba tare da an tokare shi ta gefe ba, ya iya riƙe sitiyari ya juya shi, ya kuma iya waiwaye. Wanda bayansa da ƙugunsa ba sa riƙe shi, keken guragu mai batir, irin wanda ake sarrafawa da ɗan sanda a hannun kujera, shi ya fi masa. Ido ma sharaɗi ne. A Ingila shawarar hukuma ita ce mai hawa ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 12.3, gwajin da kowa zai iya yi a ƙofar gida. A sa ido sosai a kan wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, domin sau da yawa ciwon kan ɗauke masa ganin gefe guda, ko lura da abin da ke wannan gefen, shi kuma bai san haka ta faru ba. Zai rantse hanya a buɗe take alhali mai kurar ruwa na tahowa ta hagunsa. Mai farfaɗiyar da magani bai tsayar ba, da mai ciwon sugan da sugansa ke yawan faɗuwa, da mai shan maganin da ke sa barci, da tsohon da ruɗewa ta fara kamawa, duk a nemi shawarar likita kafin a saya. Mun san faɗa wa mahaifi cewa ba zai hau ba abu ne mai nauyi a baki, amma wajibi ne idan lafiyarsa ba ta kai ba.

Sai zaɓen keken. Ƙananan da ake kwancewa gida huɗu ko biyar a sa a bayan mota su suka fi araha, su kuma suka fi shigowa. Tayarsu wajen inci 8 ce, cikinsu bai fi 'yan santimita daga ƙasa ba, an yi su ne domin cikin gida da harabar asibiti da manyan shaguna. A lungun da kwalta ba ta shiga ba, irin wannan keke nutsewa yake yi. Wanda zai riƙa fita unguwa ya nemi babba, mai taya inci 10 zuwa 13, wanda cikinsa ya tashi daga ƙasa da santimita 10 ko fiye. Mai taya uku ya fi iya juyawa a matsattsen soro, amma ya fi saurin kifewa a kwana da kan gargada, don haka a titunanmu mai taya huɗu muke ba da shawara. Kowane keke yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, a rubuce a jikinsa ko a littafinsa. Ƙananan yawanci tsakanin kilo 115 ne zuwa 135, kuma lissafin ya haɗa da mai hawa da duk kayan da ya ɗora.

Wurin hawa da sauka ne aka fi samun faɗuwar da ba a kai labarinta ko'ina. Kafin a ɗora ƙafa, makulli ya zama a kashe. A juya kujera gefe, a zauna, a mayar da ita gaba har a ji ta kulle, a sauke hannayen kujera. Dalilin kashe makullin shi ne totur ɗin keken ba a ƙafa yake ba, wata 'yar liba ce a jikin sitiyari da ake dannawa da yatsa, gefe ɗaya gaba, ɗaya gefen ribas, kuma taɓawa kaɗan take so. Hannun babbar riga yana iya danna ta. Jikan da ya rugo ya rungume kakansa yana iya danna ta. Saboda haka duk lokacin da aka tsaya gaisawa ko ciniki, a kashe. Mata su tattare hijabi da mayafi da bakin zani su danne a ƙarƙashin cinya, maza su naɗe babbar riga a kafaɗa, domin tufa idan ta sauka kusa da tayar baya naɗewa take yi ta fizgo mutum. Kada a rataya leda ko jaka a sitiyari. Kada a ɗauki yaro a cinya ko a tsaye tsakanin ƙafafu, ko da kuka yake yi.

A saman sitiyari akwai maɓallin murɗawa mai hoton kunkuru a gefe ɗaya, zomo a ɗaya gefen. Shi ke ƙayyade iyakar gudu. Sabon shiga ya bar shi a wajen kunkuru, ya yi kwanaki yana koyo a fili, irin filin makaranta bayan an tashi: tashi, tsayawa, kwana dama da hagu, ribas, da wucewa tsakanin kujeru biyu. A cikin jama'a gudun bai kamata ya wuce tafiyar mutum ba. Ingila ta sa iyakar kilomita 6.4 a awa a hanyar masu ƙafa, manyan da aka yarje wa hawa titi kuma kusan kilomita 13. Mai hawa da kekensa sukan haura kilo 150, manyan ma su wuce 200. Wannan nauyi idan ya hau ƙafar yaro a cikin Tsohuwar Kasuwa ko a cunkoson fitowa daga Juma'a a Masallacin Sultan Bello, karaya ce.

Yanzu ga maganar da muka fi so kowa ya riƙe, maganar birki. Yawancin waɗannan kekuna ba su da birkin ƙafa. Idan ka saki totur, keken zai rage gudu da kansa, sannan ka ji wani ɗan sauti ƙas daga baya, wato birkin maganaɗisu ya kama injin. Birkin nan a kame yake koyaushe, wuta ce ke sakinsa, shi ya sa idan batir ya mutu keken yake ƙafewa ya ƙi turuwa. To a bayan keken, ƙasan kujera kusa da taya, akwai wata liba, sau da yawa mai kai ruwan ɗorawa ko ja. Idan aka ja ta, birki ya saki gaba ɗaya domin a iya tura keken da hannu. A wannan hali ba abin da zai tsayar da shi. Sakin totur ba ya aiki, kashe makulli ba ya aiki. Abin da ke faruwa a gidaje shi ne yara su ja libar da dare su tura keken cikin soro, su manta ba su mayar ba. Da safe a turo shi bakin ƙofa, Baba ya zauna, ƙofar kuwa gangare ce zuwa titi. Ƙa'idar ba ta da sassauci: ba a jan wannan liba mutum na zaune a kai a wurin da ke da gangara komai ƙanƙantarta, kuma wanda ya ja ta, shi ne zai mayar da ita kafin ya ɗauke hannunsa daga keken. Mai hawa kuma kafin ya zauna ya sa a ɗan tura keken a gani. Idan ya motsa, birki a sake yake. Wasu kekunan kan yi ƙara su ƙi tashi idan libar ba ta koma ba, amma ƙarar ba za ta hana su gangarewa ba.

Haka nan kada a kashe makulli ana cikin tafiya sai dai idan totur ya maƙale. Birkin zai kama nan take, mutum ya tuntsura gaba ya daki sitiyari.

Bayan birki, gangara ita ce magana ta biyu. Littattafan yawancin kekunan nan sun iyakance hawa tsakanin digiri 6 zuwa 10. Ma'aunin da masana gini ke amfani da shi wajen yi wa keken guragu hanya shi ne ɗaya cikin goma sha biyu, wato duk tsayin santimita 10 yana buƙatar tsawon santimita 120. Ƙofar da ta ɗara titi da santimita 30 ke nan tana buƙatar gangara mai tsawon mita 3.6. Ku dubi abin da ake zubawa a ƙofofin gidajenmu domin shigar da babur: tsayin santimita 30 a cikin mita ɗaya, wanda ya kai kusan digiri 17. Babur zai hau domin mai shi yana da ƙafafun da zai dafa ƙasa. Keken batir kuwa nauyinsa a baya yake, inji da batir da mai hawa duk a kan tayoyin baya, sai gaba ya ɗaga. Duk gidan da aka kawo wa wannan keke, a kira birkila ya gyara ƙofa tun kafin a fara hawa, faɗin ya kai mita ɗaya, a yi ɗan kangi a gefe biyu, kada kuma a goge simintin ya yi santsi.

Wajen hawa, a fuskanci tudu kai tsaye, ba a karkace ba, a ɗan sunkuyo gaba, a tafi da gudu ɗaya ba tsayawa. Wajen sauka a mayar da maɓalli wajen kunkuru tun daga sama, a jingina baya. Ba a juyawa a tsakiyar gangara, ba a sauka da baya, ba a bin gefen tudu a kwance yadda taya ɗaya za ta fi ɗaya tsawo. Nan ne mai taya uku ke kifewa. Tudun rage gudu da bakin kwalta ma haka, a tunkare su a miƙe tayoyin gaba su hau tare. Ƙaramin keke kada a gwada shi da matakin da ya wuce santimita 5.

A can bayan keken akwai wasu 'yan tayoyi biyu ƙanana da ba sa taɓa ƙasa. Aikinsu hana keken wuntsilawa ta baya. Suna da matsala guda: a wurin da ƙasa ta lotsa, kamar inda gangarar ƙofa ta haɗu da titi, sukan tokare su ɗaga manyan tayoyin sama, keken ya tsaya yana juya taya a iska. Wasu masu gyara sai su kwance su su yar. Kada a yarda. A cike lotsawar, ko a nemi wata hanya. Silab ɗin da ake rufe lambatu da shi kuma a dube shi da ido kafin a hau, domin tazarar yatsu huɗu tsakanin silab biyu ta isa ta haɗiye tayar gaba. Katakon da aka gitta a kan kwata ba hanyar wannan keke ba ce sam.

Yashi kuwa inji yake ci. Idan taya ta nutse mai hawa ya ci gaba da danna totur, injin yana jan wuta mai yawa ba ya tafiya, sai ya yi zafi. Akwai wani maɓalli kusa da batir da ke katse wutar idan haka ta faru. Keken zai mutu ɗif. A kashe makulli, a fitar da shi daga yashin, a jira mintuna kaɗan ya huce, sannan a danna maɓallin. Idan yana yawan katsewa a hanya mai kyau, akwai matsala: ko nauyi ya yi yawa, ko iskar taya ta ragu, ko birki na gogawa, ko batir ya gaji. Abin da ba mu yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a tsallake maɓallin nan ko fis da guntun waya. Batiran da ke ƙarƙashin kujerar suna iya narka waya su kunna wa roba wuta cikin daƙiƙoƙi.

Game da titi, gaskiya ita ce hanyar masu ƙafa ba ta wadata a garin nan ba, inda take ma masu teburi da masu ajiye babura sun cika ta, don haka mai keke dole ya raba hanya da 'yan kabu-kabu da Keke Napep. Ya bi hannun dama, tare da motoci, a can gefe, ya kuma sa ran haɗuwa da babur mai tahowa ta hannun da ba nasa ba. Babbar matsalar ita ce keken gajere ne. Direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da gabansa ko gefen tayarsa, don haka hanyoyin manyan motoci, irin hanyar Kalambaina da tirelolin siminti ke bi, da hanyoyin bayan gari, a ƙaurace musu gaba ɗaya. A kafa sanda mai tsawon wajen mita ɗaya da rabi a bayan kujera da ƙyalle mai launin lemo a kai, a manna abin da ke ƙyalli da dare a baya da gefe, a sa madubi. A lokacin hunturu, idan hazo ya sauko, a kunna fitila ko da rana ne. Shataletale ba a ratsa shi da wannan keke. Gara a tsallaka hanyoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya a ƙasa, a tabbata direba ya gan ka kafin ka shiga, kuma kafin tsallakawa a ɗan ƙara maɓallin gudu don kada a daɗe a tsakiyar titi. Bayan magariba, idan ba dole ba, a haƙura, ko a tafi da ɗan rakiya.

Batir shi ne inda kuɗin mutane ke ƙonewa, wani lokaci har da ɗaki. Yawancin kekunan suna aiki da batir biyu na 12V da aka haɗa suka ba da 24V, irin rufaffen batirin dalma da ba a zuba wa ruwa. Girmansu, wanda ake aunawa da Ah, wato yawan wutar da batir ke ɗauka, ya kama daga 12Ah a ƙananan kekuna zuwa 35Ah, 50Ah har 75Ah a manya. Ba irin batirin mota ba ne. Na mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci ya tayar da inji, wannan kuwa an yi shi ne a sha shi a hankali a sake cikawa. Wanda ya sa na mota zai ga ya lalace cikin ɗan lokaci, ga kuma ruwan batir da zai zubo idan keken ya karkace. Idan za a canza, a canza biyun tare, iri ɗaya, girma ɗaya, domin tsoho yana jan sabo ƙasa. Kada a bari mai cajin batir ya ɓalle murfin ya ɗura ruwa da sunan farfaɗo da shi.

Kafin a soka caja a bango a karanta abin da aka rubuta a bayanta. Wutarmu 230V ce. Kekunan da suka fito daga Amurka wasu cajarsu ta 110V zuwa 120V ce kaɗai, ana sokawa take ƙonewa. Wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240V ita ce ba matsala. Idan caja ta ɓata ko ta ƙone, a sayi ta 24V wadda ta dace da irin batirin da girmansa: wajen 2A ga batir 12Ah, 5A ga 35Ah, 8A ga manya. Cajar batirin dalma ba ta hawa batirin lithiyam, ta lithiyam ma ba ta hawa na dalma, ko da bakinsu ya shiga. A fara soka cajar a jikin keken, sannan a bango, makulli a kashe. Saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa, a bi ta sitabilaiza, a soket mai kyau, ba a dogon wayar da aka jona firiji da dutsen guga ba.

Batirin dalma yana son a cika shi duk ranar da aka yi amfani da shi, awa 8 zuwa 10, har fitilar caja ta koma kore. Barinsa a sheƙe na kwanaki shi ke kashe shi, domin wani gishiri na taruwa ya daskare a farantan ciki, ba ya kuma narkewa. Ko ba a hawa keken, kamar idan mai shi ya kwanta jinya ko ya tafi aikin Hajji, a riƙa cika shi duk mako ɗaya ko biyu. Mai awon wuta zai iya dubawa: batir biyu cikakku da suka huta suna nuna wajen 25.6V, idan sun sauko wajen 24.4V an sha kusan rabi. Inda wutar gwamnati ba ta kai awa takwas a jere, sola na iya aikin. Batir biyu na 35Ah suna ɗauke da wajen wat 840 na awa, caja 5A kuma ba ta jan abin da ya kai wat 200, don haka ƙaramar inbata mai kyau ta isa. Amma a bi ta cajar keken, kada a jona farantin sola kai tsaye a batir. Idan janareto ne, a waje yake kwana, nesa da taga, saboda hayaƙinsa na kisa ba wari ba gargaɗi.

Zafi shi ne abin da littafin keken bai yi lissafinsa da mu ba. An auna rayuwar batirin dalma ne a digiri 25, kuma duk ƙarin wajen digiri 10 yana rage ta da kusan rabi. Kada mai keke ya ɗauka an cuce shi idan batirinsa bai kai shekarun da ake faɗa ba, amma yana iya ja masa kwana. Kada a ajiye keken a rana ko a shagon kwano da aka rufe. Idan an dawo da azahar a bar shi a inuwa awa guda ya huce kafin a sa caji. A yi cajin a wuri mai iska, kada a lulluɓe cajar. Batirin da ya kumbura, ko yake zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, ko yake wari, a cire shi daga wuta nan take, ya gama aiki.

Masu batirin lithiyam su ƙara kula. Ya fi sauƙin ɗauka, ya fi daɗewa, amma idan ya kama wuta tashi take yi lokaci guda da hayaƙi mai guba, tana kuma iya sake tashi bayan an kashe. Al'adar da muke gani ita ce a ajiye keken a gefen gadon mai shi a sa caji a kwanta, don ya same shi kusa da asuba. Mun fahimci dalilin, amma wannan shi ne wuri mafi haɗari, domin mutumin da ba ya iya tafiya ne ke kwance, abin da zai fitar da shi kuma shi ne ke ci da wuta. A yi cajin a wani wuri dabam, a kan siminti, nesa da katifa da labule, ba a bakin ƙofar fita ba, kuma lokacin da akwai mai ido biyu a gidan. Idan aka ji yana huci ko aka ga hayaƙi, a fara fitar da mutane, sannan a kira 'yan kwana-kwana. Tsohon batirin dalma kuma a mayar wa mai sayarwa, kada a bar shi a tsakar gida yara su fasa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake sarrafa zinariya.

Nisan tafiyar da ake rubutawa a takarda an auna shi ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya da sabon batir. A nan a ɗauki kashi biyu cikin uku. Allurar batir tana faɗin gaskiya ne lokacin da ake tafiya, idan an tsaya takan koma sama ta yaudari mutum. Da ta kai rabi a juya gida, kuma kada a fita ba waya a aljihu.

Ruwa da ƙura ba sa buƙatar dogon bayani. Da damina kada a shiga ruwan da ba a ganin ƙasansa, kamar yadda yake kwanciya a sassan Mabera bayan an yi mamako, domin na'urar da ke sarrafa injin a ƙasa take, ga ramin da ruwan ya ɓoye. Idan ruwa ya kama mutum a hanya ya rufe kan sitiyari da leda ya nemi mafaka, a bar keken ya bushe kwana guda kafin a kunna ko a sa caji. Ba a kai shi wurin wankin mota, tsumma mai danshi ya isa. Ƙurar hunturu tana shiga totur, alamarta ita ce keken ya riƙa fizga ko liba ta ƙi komawa tsakiya da kanta. Ranar da aka ga haka a ajiye shi sai an gyara. Rumfar da ake haɗawa a sama don inuwa tana da amfani, amma iskar farkon damina na iya kifar da keken da ita.

Akwai wata cutarwa da ba a lura da ita sai ta yi nisa. Baƙar ledar kujera idan ta sha rana tana ƙuna, mai ciwon laka ko mai ciwon sugan da jijiyoyinsa suka mutu kuwa ba ya jin zafin. A taɓa kujera da dandamalin ƙafa da bayan hannu kafin a zauna, a shimfiɗa farin tawul, a sa takalmi rufaffe. Wanda ba ya jin mazauninsa ya riƙa ɗagawa ko karkatawa duk bayan minti 15 zuwa 30, a kuma duba fatar da dare. Jan da bai baje ba bayan an tashi, mafarin gyambo ne.

Taya mai iska a duba ta kowane mako, a bi adadin da aka rubuta a gefenta. Tsidau da ƙusa ba sa barinta, shi ya sa wasu ke komawa taya marar iska duk da ta fi girgiza. A gaya wa mai faci abu biyu: ƙaramar taya ce, injin iska na cika ta cikin daƙiƙoƙi, kuma ƙarfen cikinta sau da yawa gida biyu ne da aka ɗaure da noti, dole a sace iskar duka kafin a kwance, in ba haka ba ya tarwatse a fuskarsa. Idan za a ɗauki keken a mota, mai shi ya koma kujerar motar, ba a zama a kansa mota na tafiya.

Malam Edita, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Muna kira ga kwamitocin masallatai da bankuna da makarantu da shugabannin kasuwa cewa idan za a yi gangara a yi ta da awo, ɗaya cikin goma sha biyu, da fili a sama inda keke zai tsaya kafin ƙofa, a kuma hana ajiye babura da takalma a kanta.

Masu hannu da shuni da 'yan siyasa da ƙungiyoyin da ke rabon waɗannan kekuna, Allah ya saka da alheri, amma muna roƙon a cika ladan. A sa ma'aikacin lafiya ya duba wanda za a ba tun kafin a saya. A je a ga ƙofar gidansa da lungunsa da inda zai sa caji. A haɗa masa da cajar da ta dace da wutarmu, da tuta, da bayani a rubuce cikin Hausa, boko da ajami. A koya masa tare da mutum ɗaya daga cikin iyalinsa, a sa su ja libar birki su mayar da hannunsu a gaban mai koyarwa. A kuma ware kuɗin batir na biyu tun ranar rabo, tare da sunan mai gyaran da za a kira idan keken ya tsaya.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wasu masu gyaran kekunan batir da ma'aikatan gashin ƙashi,
Sakkwato.